JARRABAWAR GUDANAR DA AYYUKA: YADDA NA SHIRYA MATA DA ABIN DA TA KOYA MINI

Jawabin da wani tsohon ɗalibi, ma'aikacin gwamnati a Sakkwato, ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai a garin Tambuwal.





Da farko ina miƙa godiyata ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ga dacewar in tsaya a gabanku. Lokacin da takardar gayyata ta iso mini, sai da na yi kwana biyu ban ba da amsa ba, domin na san a cikin wannan zaure akwai waɗanda suka kama aikin gwamnati tun ina aji ɗaya, akwai kuma malamin da ya taɓa sa ni nome bayan ɗakin gwaje-gwaje saboda makara. To amma sakatare ya ce mini ƙannenmu suna yawan tambaya game da wata jarrabawa da na rubuta a shekarar 2024, ta neman takardar shaidar gudanar da ayyuka a matakin farko, wadda ake kira CAPM. Ya ce gara in faɗa sau ɗaya a bainar jama'a da a riƙa tare ni ɗaya bayan ɗaya a wajen ɗaurin aure. Saboda haka ina roƙon manya su yi mini afuwa idan na faɗi abin da suka riga ni sani.

YADDA ABIN YA SAMO ASALI

Na bar wannan makaranta a 2007, na yi digiri kan tattalin arziki a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, na yi bautar ƙasa, daga nan na kama aiki a sashen tsare-tsare na wata ma'aikata. A shekarar 2019 aka sa ni duba aikin ginin wani ɗakin shan magani a wani ƙauye cikin Ƙaramar Hukumar Kebbe. Ba zan ambaci sunan ƙauyen ba, ko na ofishin, ko na ɗan kwangila, domin laifin da zan ba ku labari nawa ne.

An ba da aikin a watan Mayu, da wa'adin wata huɗu. Duk wanda ya fito daga yankin nan ya riga ya hango inda labarin zai nufa. Filin da aka zaɓa yana gangare, bakin fadama, domin shi ne ba sai an biya diyya ba. Ba mu zauna da maigari ba sai ranar da muka kai magina. Aka zuba harsashi, gini ya tashi zuwa taga, sai ruwa ya sauka. Tifar yashi ta kafe a hanya kwana biyu, siminti ya sha danshi a inda aka jibge shi, leburori kuma suka koma gonakinsu, kamar yadda kowane mai hankali zai yi da damina.

A ƙarshen Agusta aka nemi in kawo rahoto. Na duba takardun kuɗi, na ga an fitar da kashi 60 cikin ɗari na kuɗin aikin, sai na rubuta cewa aiki ya kai kashi 60 cikin ɗari, na sa hannu. Ban ci ko kwabo ba. A wancan lokaci haka na ɗauka ana auna aiki.

Da hanya ta buɗe a watan Oktoba na koma. Gini bai kai linta ba, ruwa kwance a tsakiyarsa, kwaɗi sun tare. Ina tsaye da fayil a hannu sai wani dattijo ya matso, muka gaisa, ya dubi ginin ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ku da kunka yi boko, ba a hwaɗa muku marka na zuwa kowace shekara ba?" Jama'a, ina da digiri a aljihu, amma na rasa amsar da zan ba shi. Ginin nan ya yi damina uku a haka. A duk tsawon wannan lokaci, mace in naƙuda ta yi mata gardama sai an ɗora ta a babur an nufi Kebbe da ita, a kan hanyar da tifa ma ta kasa bi.

Daga baya na fahimci ba ni kaɗai ba ne. A shekarar 2011 wani kwamiti da Shugaba Goodluck Jonathan ya karɓi rahotonsa, ƙarƙashin jagorancin Ibrahim Bunu, ya ƙidaya ayyukan Gwamnatin Tarayya 11,886 da ba a kammala ba, waɗanda ke buƙatar naira tiriliyan 7.78 kafin a gama su. Mun saba ɗora wa cin hanci alhakin wannan, kuma yana da nasa babban kaso. Amma akwai wani kaso na irina, mutanen da ba su saci kome ba, ba su dai san yadda ake tsara aiki da auna shi ba. Wannan ne ya sa da wani abokin aikina ya yi mini zancen jarrabawar, na kasa kunne.

WACE IRIN JARRABAWA CE?

Akwai wata cibiya a Amurka mai suna Project Management Institute, ana taƙaita sunanta PMI, an kafa ta a 1969. Ita ce ke ba da takardar shaidar da ta fi shahara a wannan fanni, watau PMP. Sai dai PMP ta ƙwararru ce: mai digiri sai ya nuna ya yi wata 36 yana jagorancin ayyuka kafin a bar shi ya zauna mata. Saboda masu tasowa ne cibiyar ta fito da CAPM a 2003. Sharuɗɗanta biyu ne kacal: takardar kammala sakandare, da shaidar cewa mutum ya yi awa 23 yana karɓar darasi kan gudanar da ayyuka. Ku lura da kyau, 'yan ajin ƙarshe: ba a neman digiri, ba a kuma neman shekarun aiki.

Tambayoyi 150 ne a cikin awa uku, a kan kwamfuta. Guda 135 ake ba maki, sauran 15 na gwaji ne da cibiyar ke aunawa don gaba, kuma ba za ka iya bambance su ba. Idan ka raba minti 180 gida 150, kowace tambaya tana da daƙiƙa 72. Bayan tambaya ta 75 ana ba da hutun minti goma. Babu ta da Hausa, da Turanci za ka rubuta. Cibiyar ba ta bayyana adadin makin da ake ci da shi, sai dai ta gaya maka ka ci ko ka faɗi, ta kuma nuna maka ƙarfinka da rauninka a kowane ɓangare. Idan an amince da takardar nemanka kana da shekara ɗaya, kana iya zama har sau uku a cikinta, kowane zama da kuɗinsa. Wanda ya ci kuma sai ya riƙa sabunta takardar duk shekara uku, ta hanyar nuna ya ƙara karatu na awa 15.

Ba ita kaɗai ba ce a duniya. Ingila tana da nata tsari mai suna PRINCE2 tun 1996, shi ma da jarrabawar matakin farko. Nan gida kuma akwai cibiyar ƙwararrun masu gudanar da ayyuka ta Nijeriya, CIPMN, wadda doka ta kafa a 2018. Ni dai CAPM na rubuta, a kanta zan tsaya.

ƁANGARORI HUƊU NA JARRABAWAR

Tun daga 2023 aka sake fasalin jarrabawar zuwa ɓangarori huɗu. Duk wanda ya ba ka littafi ko tambayoyin da aka shirya kafin wannan shekara, ka karɓa ka gode, amma kada ka dogara da su.

Ɓangare na farko shi ne tushen fannin, kashi 36 cikin ɗari. A nan za a fara koya maka mene ne ma "aiki" a wajensu. Abu ne mai farko da ƙarshe, wanda ake yi don a samar da wani abu takamaimai. Gina aji aiki ne, koyarwa a cikinsa kullum kuwa hidimar yau da gobe ce. Za ka koyi cewa iyakar aiki da lokacinsa da kuɗinsa ɗaure suke da juna, ka taɓa ɗaya sauran sun motsa. Za ka koyi rubuta sunayen masu ruwa da tsaki tun kafin a sari ƙasa. Da na zo wannan babi sai na ɗauki biro na jera waɗanda ya kamata mu gani a ƙauyen can: maigari, liman, ungozoma, ma'aikacin lafiyar da zai zauna a ɗakin, mai gonar da ke maƙwabtaka, matan da za su fi kowa zuwa. Ko ɗaya ba mu tambaya ba. Ungozoma kaɗai da ta gaya mana inda ruwa ke kwanciya. Haka kuma akwai rajistar haɗurra, inda ake rubuta duk abin da ka iya tasowa, da girmansa, da wanda zai sa masa ido, da abin da za a yi in ya auku. A nan na sami amsar tambayar dattijon nan. Marka ba ta cikin abubuwan da ka iya tasowa, domin tabbas za ta zo, a jadawali ake sa ta tun ranar farko. A wannan ɓangare ne kuma ake tambaya kan ladubban sana'ar guda huɗu: ɗaukar alhaki, girmama mutane, adalci da gaskiya.

Ɓangare na biyu shi ne aikin da ake tsarawa tun daga farko har ƙarshe kafin a fara, kamar gada ko asibiti, kashi 17 cikin ɗari. Nan lissafi yake, amma wanda ya ci lissafin aji uku na wannan makaranta ba zai sha wuya ba. Bari in ba da misali biyu.

A ce za a gina ɗaki. Buga bulo da shayar da shi kwana 14. Haƙa da zuba harsashi kwana 6, kuma ana iya yin su lokaci guda da buga bulo. Gini kwana 12, amma ba ya farawa sai bulo da harsashi sun kammala. Rufi kwana 6, filasta da fenti kwana 10. Sarƙar da ta fi tsawo ita ce bulo, gini, rufi, filasta: 14 da 12 da 6 da 10, kwana 42 ke nan. Wannan sarƙa ita ce ƙashin bayan aikin, kwana ɗaya ya suɓuce a kanta, aikin duka ya makara da kwana ɗaya. Masu harsashi kuwa suna da rarar kwana 8. Ke nan mai duba aiki da ya tsaya yana faɗa da masu haƙa, alhali mai buga bulo bai sami yashi ba, ɓata bakinsa yake yi. Kamfanonin DuPont da Remington Rand ne suka fito da wannan dabara a Amurka a 1957.

Misali na biyu shi ne wanda ya hana ni barci. A ce kuɗin aiki naira miliyan 10 ne. An kashe miliyan 6. Ka je ka auna da idonka, ka ga abin da ke tsaye a ƙasa kashi 40 cikin ɗari ne, watau aikin miliyan 4. Ka raba 4 da 6, za ka sami 0.67. Ma'ana, kowace naira da aka kashe aikin kwabo 67 ta yi. In aka ci gaba a haka, ba za a gama ba sai an kashe miliyan 15. Wannan lissafi ba ya ɗaukar minti biyu. Da na san shi a Agustan 2019, da rahotona ya tayar da ofis tsaye tun akwai sauran kuɗin gyara.

Ɓangare na uku, kashi 20 cikin ɗari, shi ne tsarin aiki zango-zango, wanda suke kira Agile. Kada ku haɗa shi da shirin nan na Bankin Duniya na karatun 'yan mata mai irin wannan suna, ba su da dangantaka. Wasu masu rubuta manhajar kwamfuta su 17 ne suka taru a jihar Yuta ta Amurka a 2001 suka tsara ƙa'idojinsa. Ana amfani da shi inda mai aikin kansa bai gama sanin abin da yake so ba sai ya gani. Tela mai hankali yakan harhaɗa riga ya kira ka ka gwada kafin ya sa aiki a wuya. Haka wannan tsari yake: a yi ɗan zango wanda bai wuce wata ɗaya ba, a nuna wa mai aiki, ya yi gyara, a shiga na gaba. A reshensa da ake kira Scrum ma'aikata kan tsaya kullum na minti 15 su faɗi inda aka kwana. Wannan ɓangare ne ya fi ba ni wahala, domin ya saɓa wa duk abin da na saba da shi na fayil ya hau, fayil ya sauko.

Ɓangare na huɗu, kashi 27 cikin ɗari, shi ne binciken buƙata. Jama'a sun ce suna son ɗakin shan magani. Me ke damunsu a zahiri? Rashin gini ne, ko rashin ma'aikaci, ko rashin magani, ko hanyar zuwa wanda ke akwai? Ana koya maka yadda ake tambaya, da yadda ake rubuta buƙata ta yadda ranar karɓar aiki za a iya dubawa a ce an biya ta ko ba a biya ba. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Kada wani ya ɗauka duk wannan baƙon abu ne a wajenmu. Garin nan da muke zaune, wanda tarihi ya danganta da Muhammadu Buhari ɗan Shehu, yana cikin garuruwan da aka kafa don tsaron ƙasa. A ƙasar Hausa in za a gyara ganuwa da rani ake yi, bayan an kai amfanin gona gida, a yanka wa kowace unguwa nata ɓangare, da wanda za a tambaya in ba a yi ba. Rarraba aiki ke nan, da jadawali, da ɗora alhaki. Abin da jarrabawar ta ƙara shi ne rubutu da awo da sunaye waɗanda ɗan Kebbe da ɗan Indiya za su fahimta daidai.

YADDA NA SHIRYA

Na ɗauki shirin kansa a matsayin aiki mai wa'adi. Na ba shi mako 12, na zana jadawali na manna a bangon ɗaki.

Kuɗi na fara dubawa, domin da dala ake biya. Lokacin da na yi rajista kuɗin dala 300 ne ga wanda ba ɗan cibiyar ba, dala 225 ga ɗan cibiya. A 2024 dala ta haura naira 1,500, ke nan dala 300 ta kai naira 450,000, fiye da albashin wata shida na mai karɓar mafi ƙanƙantar albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a shekarar. Ni sai da na shiga adashi na wata takwas, na kuma sayar da buhunan shinkafar da na noma a fadama. Uwargidana ta haƙura da keken ɗinkin da na yi mata alkawari. Na faɗi wannan ne don ku san ba jarrabawar da ake shiga a gwada sa'a ba ce. Wanda zai yi, ya duba kuɗin ranar a shafin cibiyar da kansa kafin ya ƙulla kome.

Awa 23 ɗin na yi su ta intanet. Ina sauke darussan a waya in ina Sakkwato, inda sabis ya fi ƙarfi, in saurare su a mota ranar Juma'a a kan hanyar zuwa gida, tsakanin Shagari da Dogon Daji. Kafin ka biya kowa kuɗin darasi ka tabbatar zai ba ka shaidar awannin a rubuce, domin cibiyar kan zaɓi wasu masu nema ta ce su kawo hujja.

Abu na farko da ya kamata ka sauke shi ne jerin abubuwan da za a tambaya, wanda cibiyar ke bayarwa kyauta a shafinta. Shi ne manhajarka. Babban littafinsu kuwa, PMBOK, wanda na karanta bugu na bakwai na 2021, littafin dubawa ne, wanda ya ce zai haddace shi ya ɗauko wa kansa dutse. Ina karatu awa ɗaya da rabi kullum bayan asuba, kafin yara su tashi. Na sayi littafin rubutu mai shafi tamanin, duk kalmar Turanci da ta tsaya mini sai in rubuta ta, in rubuta ma'anarta da Hausa, in kawo misali daga aikin da na sani. Abin da na kasa faɗa da Hausa, na san ban gane shi ba tukuna.

Mu huɗu muka haɗu muna karatu, biyu a Sakkwato, ɗaya a Jabo, ɗaya malamar asibiti ce a Birnin Kebbi. Muna da zaure a WhatsApp, kowa ya kawo tambaya biyar a rana, ranar Asabar kuma wani ya koyar da babi guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A mako na shida na zauna gwaji na farko, tambaya 150, na sa agogo. Na ci 71. Da na bi waɗanda na faɗi ɗaya bayan ɗaya, sai na ga yawancinsu ba rashin karatu ba ne. Ina amsawa ne da yadda muka saba yi a ofis. Misali, a ce wani babba ya zo wajen aiki ya ce a ƙara ɗaki ɗaya, me za ka fara yi? Ni na zaɓi a yi yadda ya ce, tunda babba ne. Amsar da ake so ita ce a rubuta buƙatar, a auna abin da za ta ci na kuɗi da lokaci, a kai wa masu ikon amincewa da canji, sannan a taɓa bulo. Ku kula da kalmomin "da farko" da "na gaba" a cikin tambaya. Sau da yawa amsoshi biyu ko uku daidai ne, ana neman wadda ke zuwa kafin sauran. Na yi gwaji cikakke sau biyar, ban sa ranar jarrabawa ba sai da na wuce 115 sau biyu a jere.

RANAR JARRABAWA

Ana iya rubuta ta a gida, mai sa ido yana kallonka ta kyamarar kwamfuta, ko kuma a cibiyar jarrabawa ta kamfanin Pearson VUE. Ta gida tana buƙatar wuta da intanet da ba za su yanke ba har awa uku, da ɗakin da ba wanda zai shigo ko ya yi magana. Na dubi gidanmu, na tuna ba a minti goma ba a yi sallama ba, sai na sa wannan a rajistar haɗurra, na zaɓi tafiya Abuja. Na bi ta Jega da Koko da Yawuri da Kwantagora, na isa kwana ɗaya kafin ranar, na je na ga ƙofar wurin da idona.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Dole sunan da ka yi rajista da shi ya zo daidai da wanda ke kan katin shaidarka, harafi da harafi. Mu kuwa mutum ɗaya sai ka same shi Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, a nan ya sa sunan mahaifi, a can ya sa Tambuwal ko Dogondaji. Ka daidaita wannan tun kafin ka biya kuɗi.

Da na danna amsar ƙarshe, allon ya ɗan yi shiru, sannan sakamako ya fito. Na ci. A cikinmu huɗu, uku muka ci a zaman farko, na huɗun ya sake zama bayan wata biyu shi ma ya samu.

GARGAƊI GA ƘANNENA

Na ɗaya, takardar nan ba ta ba da aiki da kanta, kuma ba ta sa a ɗaga ka daga mataki zuwa mataki a aikin gwamnati. Ƙarin girma yana da nasa ƙa'idoji da tasa jarrabawa. Inda na ga tana da amfani shi ne wajen neman shiga ayyukan da masu ba da tallafi ke ɗaukar nauyi, irin su ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar noma na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Irin waɗannan ayyuka da wannan harshe ake rubuta rahotonsu. Wanda ya iya shi ya riga abokan nemansa taku ɗaya.

Na biyu, ku yi hankali da masu cewa suna da tambayoyin jarrabawa na sayarwa, ko za su sa wani ya rubuta muku. Cibiyar tana ƙwace takardar wanda ta kama. Haka kuma akwai masu yawo da takardu masu ado a wuraren taron matasa, kwana biyu a ba ka shaidar ƙwarewa. PMI tana da rajista a intanet inda mai ɗaukar aiki zai duba sunanka. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na uku, wanda ba shi da halin biya yanzu kada ya ce abin ya wuce shi. Jerin darussan kyauta ne, ilmin kuma yana aiki ko babu takarda. Mai shirin noman rani a Kuchi, da mai haɗa kayan auren 'yarsa, da mai gina shago a bakin kasuwa, duk suna da iyakar aiki da wa'adi da kasafi. Ka fara karatun, ka gwada shi a kan abin da ke hannunka, takarda ta biyo baya in Allah ya hore. Wannan kira ya haɗa da 'yan'uwanmu mata. Malamar asibitin da muka yi karatu tare ita ta fi mu sakamako mai kyau.

KAMMALAWA

Mai girma shugaba, ɗakin shan maganin nan an gama shi a shekara ta huɗu, bayan an yi ciko an kuma ƙara kuɗi masu yawa. A ƙarshen 2024 aka sake ba ni duba wani ƙaramin gini a wannan yanki. Kafin a kafa turke ko ɗaya na yi yini guda a ƙofar maigari da littafin rubutu, aka kira mini ungozoma da shugaban matasa da mai gonar gefe. Na roƙi ofis a fara a Nuwamba, aka tara yashi da tsakuwa tun hanya na bushe. Duk ranar Alhamis ina zuwa da tef in auna abin da ke tsaye, shi nake rubutawa a rahoto. An sa kwano kafin azumi, an miƙa makulli kafin ruwan farko. Na nemi dattijon nan in gaya masa yanzu an faɗa mana marka tana zuwa, aka ce mini ya rasu. Allah ya jiƙansa, shi ne malamina na farko a wannan fanni.

Duk wanda ke son littafin kalmomin da na rubuta da jadawalin mako 12, na bar kwafi a hannun sakataren ƙungiya. Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure malamaina suna nan, sun saba gyara mini. Allah ya saka musu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba ƙannenmu sa'ar jarrabawar da ke gabansu, ya mai da kowa gidansa lafiya.